Abincin Mai Rangadi a Hanyar Kabo da Gwarzo



Wanda ya fita Kano ta Kabuga ya nufi yamma, ya wuce Janguza da Rimin Gado, ya shiga ƙasar Kabo, ya bi ta Garo har ya sauka Gwarzo, tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka, ba zai rasa abin sawa a baka ba. In ya yi sammako ga koko da ƙosai, ga teburin mai shayi. Da hantsi ga waina da ɗanwake da gurasa. Rana na take tsaka sai rumfunan masu tuwo su cika, da la'asar kuwa ƙanshin tsire da balangu shi ke tsai da mota.

A zamanin En'e mai rangadi ba ya sayen abinci. Gidan dagaci yake sauka, akusa su yi ta shigowa daga gidajen talakawa, har da kaji da harawar doki. Karamci ake ce da wannan, amma manomi shi ya san nauyinsa. Tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa kau da mulkin En'e, mota kuma ta gaje doki, saboda haka yanzu a tasha ma'aikaci yakan ci. Sai dai tsohuwar al'adar ba ta mutu ba, ta bi shi har rumfa.

Sau da yawa mai tuwo takan ƙi karɓar kuɗi daga hannun yaron hakimi, wani sa'i don kunya, wani sa'i don tsoro. Alhali jarinta bai wuce 'yan mudu na dawa da kwalbar mai ba, mutum biyar in suka ci suka tashi, ribar yini ta tafi. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Magatakardan da ya ci kyauta yau, gobe alƙalaminsa ba zai iya rubuta cewa rumfar nan tana bakin kwata ba, duba-gari kuwa ba zai taɓa wurin da motar hakimi ke tsayawa ba. Jama'a ma tsayawar motar nan suke ɗauka shaida cewa wurin yana da tsabta. Don haka ya wajaba a biya, a gaban mutane, kuɗin da kowa ke biya.

Sa'an nan sai abin da za a ci. Abincin da aka sauke daga wuta yana tururi ba safai yake cutarwa ba. Haɗarin yana cikin mai sanyi: furar da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba, da zoɓo da kunun aya, da kwaɗon ganye, da tuwon da ya yini a buɗe ƙuda na sauka. Mafi muni shi ne kwano guda na wanke hannu, wanda mutum goma ke tsoma hannu a ciki. A zuba wa kowa da buta, a sa sabulu.

Dalilin wannan tsanani shi ne kwalara, watau amai da gudawa. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna ƙwarai a 1971, a 2021 kuma Jihar Kano tana cikin jihohin da ta fi addaba. Ƙwayar cutar tana bin ruwan da bayan gida ya ɓata, shi ya sa ta fi tashi da damina, sa'ad da kwata ke malalawa cikin rijiya. A birnin Landan cikin 1854, wani likita, John Snow, ya bi gidajen da aka yi mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar famfo guda suke sha, ya sa hukumar unguwa ta cire hannun famfon. Aikin nan na bin diddigi ne da rubutu, ba abin da ya fi ƙarfin magatakarda a ciki.

In ciwon ya kama wani a hanya, a zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce, a riƙa ba shi, a gaggauta kai shi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, gama cutar tana iya kisa cikin yini guda.

Abin da ake roƙon kowane magatakarda shi ne, a rahoton rangadi ya ƙara layi guda a kan kowace tasha da kasuwa: inda masu abinci ke ɗebo ruwa, da nisansa da masai. Hakimi ya sa hannu, a miƙa wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma tun kafin ruwan farko ya sauka.