Lionel Loueke: Jita Mai Amon Gida

Yau kunnenmu yana wajen Lionel Loueke, makaɗin jita ɗan Jamhuriyar Benin, haifaffen 1973, wanda ya koyi kiɗa a Abijan da Faris da Boston, har shahararren makaɗin jaz Herbie Hancock ya jawo shi ƙungiyarsa.

Ku nemi faifansa Karibu na 2008, ku kasa kunne. Yatsu na tsinkar tsirkiya, harshe na ƙyasta amo, murya na bin jitar sau da ƙafa. Yakan soka 'yar takarda tsakanin tsirkiyoyin, sai sautin ya dushe kamar ana kaɗa gurmi.

Matasan makaɗanmu, ga abin koyi: ya ƙware a jaz, bai yar da kiɗan gidansu ba.