SALUƁEWAR TSOKAR MURJANI A TANKIN GILASHI: GANEWA DA MAGANI



GABATARWA

Bahaushe ya san murjani a wuyan amare, watau jan dutsen nan na ado da akan ciro daga Bahar Rum. To amma murjanin da wannan lacca ta dosa shi ne danginsa mai gina tsaunuka a ƙarƙashin teku, irin wanda ya yi wa gaɓar Bahar Maliya ƙawanya. Wannan murjani dabba ne, ba dutse ba, ba kuwa tsiro ba. Taron ƙananan halittu ne masu siririyar tsoka, wadda ta lulluɓe farin ƙashi na alli. A cikin tsokar akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, ita ce ke ba shi launi, ita ce kuma ke samar masa da yawancin abincinsa daga haske.

Masana da masu sha'awa sukan yi kiwonsa a tankunan gilashi. Babban tashin hankalin mai kiwo shi ne ya wayi gari ya ga tsoka tana saluɓewa, farin ƙashi yana bayyana. Manufar wannan lacca guda ɗaya ce: saluɓewar tsoka alama ce kawai ta cututtuka iri-iri, saboda haka wajibi ne bincike ya riga magani.

RARRABE ALAMOMI

Matakin farko shi ne a rarrabe tsakanin kodewa da saluɓewa. Idan zafi ko haske ya yi yawa, murjani yakan kori gansakukar jikinsa ya yi fari fat, amma tsokarsa tana nan, kuma yana iya farfaɗowa in an gyara masa muhalli. Saluɓewa kuwa mutuwar tsokar ce ɗungum. Tabarau mai ƙara girma shi ke raba gardama.

Mataki na biyu shi ne auna sauri. Akwai saluɓewa mai gaggawa, wadda kan tuɓe reshen Akrofora gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai kuma mai jan ƙafa, wadda kan ɗauki makwanni. Ƙashin da kansa yana ba da labari, domin kuwa bayan 'yan kwanaki gansakuka takan hau inda ya tsiraita ya koma kore ko ƙasa-ƙasa. Ke nan farin fili mai faɗi alamar sauri ne, siririn farin zare kuwa alamar jan ƙafa. Ɗaukar hoto kullum daga wuri ɗaya yana tabbatar da haka.

Mataki na uku shi ne duba inda abin ya faro. In daga gindi ne, a tuhumi ƙarancin gudun ruwa, ko inuwa, ko ƙwari. In daga kan rassa ne, sau da yawa kabonat ne ya yi yawa alhali sinadaran abinci sun yi ƙaranci. In kuwa gefe ɗaya ne mai fuskantar wani murjani, to maƙwabci ne ke harbinsa, gama wasu irin sukan miƙa dogayen hannuwa masu dafi da dare.

MUSABBABAI

Ruwa shi ne abin tuhuma na farko. Abin da masu kiwo suka saba nema shi ne zafi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin santigireti, gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450, kabonat kuwa 7 zuwa 11 a ma'aunin Jamus na dKH. Sai dai hawa da sauka cikin gaggawa sun fi ɗan kauce wa waɗannan lambobi illa. Bugu da ƙari, jan ƙarfe, wanda ke cikin wasu magungunan kifi, guba ne ga murjani ko da kaɗan ne.

Na biyu su ne ƙwari. Akwai wata tsutsa shimfiɗaɗɗiya mai cin Akrofora, wadda kan saje da launinsa, sai dai a gane ta ta wurin tabon cizonta da ƙwayayen da take zubawa a gindin reshe. Akwai kuma wani ɗan dodon koɗi marar kwanso mai cin Montifora da dare. Dalili ke nan da ya sa binciken da ba a yi shi da tocila bayan an kashe fitilu ba, bai cika ba.

Na uku su ne ƙwayoyin cuta, musamman bakteriya dangin Bibriyo. Haka nan akan ga wata yauƙi ƙasa-ƙasa ta lulluɓe masu kaurin tsoka, cike da ƙananan halittu masu cin mushen nama. Galibi waɗannan sukan sami ƙofa ne bayan ruwa ko rauni ya karya garkuwar murjanin.

MAGANI

Idan saluɓewar mai gaggawa ce, babu jira. Sai a fitar da murjanin, a yanke lafiyayyun rassa kamar santimita ɗaya ko biyu nesa da bakin ciwon, a jefar da sauran, a dasa yankakkun a wani tanki dabam. Yauƙin nan kuwa a zuƙe shi da siririn tiyo bayan an tsayar da famfo, don kada ya watsu. Daga nan a tsoma murjanin na 'yan mintoci cikin ruwan teku mai ɗan aidin, ko wani maganin tsomi da aka tanada. Tsomi yana kashe tsutsa amma ba ya kashe ƙwanta, don haka sai a kankare ƙwan, a kuma maimaita tsomin mako-mako har makwanni da dama.

Shi kuwa ruwan tanki, a hankali ake gyara shi: a canja wani kaso, a sa tataccen gawayi ya tsotse guba. Garaje wajen gyara wata sabuwar cuta ce. Har ila yau, ba a zuba maganin kashe bakteriya a babban tanki, saboda zai hallaka bakteriya masu amfani da ke tace ƙazantar kifi. Wurinsa shi ne tankin jinya, bisa shawarar likitan dabbobi. Rigakafi kuwa shi ne a keɓe duk sabon murjani na makwanni kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa.

DARASI DAGA FULORIDA

Kada a ɗauka wannan ilmi na masu nishaɗi ne kurum. A shekarar 2014 wata annoba ta saluɓewar tsoka ta ɓulla kusa da Miyami a jihar Fulorida ta Amurka, ta kama fiye da iri 20 na murjani, ta kuma isa Meziko a 2018. Masana sun gano cewa shafa amoksisilin cikin wani kulli a bakin ciwon yakan tsayar da shi sau da yawa, ko da yake bai hana wani sabo fitowa. Tun daga 2018 hukumomi suka shiga kwashe lafiyayyen murjani zuwa tankuna kafin annobar ta cim masa. A 2019 kuma, a gidan kiwon halittun ruwa na Fulorida, aka sami murjani mai siffar ginshiƙi ya yi hayayyafa a tanki. Ke nan tankin gilashi ya zama rumbun iri, kuskuren mai kula da shi na iya janyo asarar abin da ya kusa ƙarewa a teku.

KAMMALAWA

A taƙaice, tsarin aiki shi ne a duba, a auna, a keɓe, sannan a yi magani. Littafin da ake rubuta awon ruwa a ciki kullum ya fi kwalabar magani amfani, domin shi ke nuna ranar da abu ya fara lalacewa.