Jawabi Ga Malaman Makaranta A Kan Littafin Maki

Maganata a yau a kan littafin maki ce, watau wanda kowannenku yake rubuta sakamakon jarrabawar yara a ciki. Ƙaramin littafi ne, amma da shi ake cewa wannan yaro ya wuce gaba, wancan ya maimaita aji, wani kuwa ubansa ya fid da shi ya mai da shi gona. Saboda haka wajibi ne mu san yadda ake karanta shi.

Mu fara da lissafi. A ce yara biyar sun ci maki 10, da 12, da 14, da 15, da 49. In an tara an raba gida biyar, matsakaicin maki ya zama 20. Amma ku duba, huɗu daga cikin biyar ba su kai 20 ɗin ba, yaro guda ne ya ja lissafin sama. Dabarar ita ce a jera makin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiya, watau 14. Shi ne ya fi nuna ainihin ƙarfin ajin.

Na biyu, jarrabawa ɗaya ba ta isa shaida ba. Watakila ran nan yaron zazzaɓi ke damunsa, ko bai karya kumallo ba, ko tambayar ce ba ta fita sosai ba. A gwada shi sau uku ko huɗu a zango, sa'an nan a yi magana. A shekarar 1905 wani masani Bafaranshe, Alfred Binet, shi da abokin aikinsa Theodore Simon, suka tsara gwajin fahimtar yara a birnin Faris. Nufinsu shi ne a gane yaran da ke bukatar ƙarin taimako a makaranta. Binet da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauka basira aba ce tsayayya wadda ba ta ƙaruwa da horo.

Na uku, ku yi hattara da zato. A shekarar 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka buga labarin wani bincike da suka yi a wata makarantar firamare a Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Sun gaya wa malamai cewa waɗansu yara, kimanin ɗaya cikin biyar, za su bunƙasa a shekarar, alhali kuwa sunayen da ka aka tsamo su. Da aka sake gwaji, sai ga shi waɗannan yara sun fi 'yan'uwansu ci gaba, musamman a aji ɗaya da aji biyu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna tasirin bai kai girman da aka fara tsammani ba, amma dai akwai shi. Yaron da malaminsa ya sa masa suna daƙiƙi, da wuya a ƙara yi masa tambaya, da wuya a jira amsarsa.

Har wa yau, in kuna so ku san ko wata sabuwar hanyar koyarwa ta fi tsohuwa, kada ku zaɓi masu ƙoƙari ku gwada ta a kansu. Ku raba ajin biyu ta hanyar ƙuri'a, ku koyar da darasi guda ta hanyoyin biyu, ku ba su jarrabawa iri ɗaya, ku gwama.

Mai awo a kasuwa in ya tauye mudu, hatsi kaɗai mai saye ya rasa. Malami in ya tauye nasa, makomar ɗan mutane ya taɓa. Ku auna da kyau, ku sake aunawa, sa'an nan ku rubuta. Allah ya taimake ku, ya yi wa yaranmu albarka.