Ƙirgar Tsuntsu Ma Hanyar Abinci Ce

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya a Ƙofar Ran, Bauchi

 

Da sakatare ya sanar cewa mu za mu yi magana yau, mun san abin da kuka zata: tsadar kaya, ko kuɗin hayar rumfa, ko batun magudanar ruwan nan da muka daɗe muna fama da shi. To, ba ko ɗaya. Maganar tsuntsaye muka zo da ita. Mun hango wasu sun fara murmushi. Ku yi abinku, mu ma mun yi irinsa, har da ƙari.

Ga mafarin zancen. Akwai wani yaro a gidanmu, ɗan ƙaninmu, wanda ya gama jami'a a fannin ilmin halittu, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna mana a shago yana awon shinkafa. Sai muka lura duk ranar Asabar da an sallame sallar Asuba ya ɓace, ba ya dawowa sai hantsi, ƙafa buɗu-buɗu da ƙura, ga madubin hangen nesa rataye a wuya. Rannan muka tsare shi. Ya ce wai tsuntsaye yake ƙirgawa wajen madatsar ruwa ta Gubi. Muka ce nawa ake biyanka? Ya ce ko sisi. Abin da muka faɗa masa ranar ba zai maimaitu gaban dattawa ba.

Bai yi mana musu ba. Tambaya ɗaya ya yi, ya ce, "Baba, yaushe rabonku da ganin ungulu a mayanka?"

Muka yi shiru. Duk wanda ya kai shekarunmu, ko a nan Bauchi ya tashi ko a garin da iyayensa suka baro, Kano ce ko Katsina ko Zazzau ko Haɗeja, ya san zamanin da mahauta ke korar ungulu da sanda, sun jeru bisa rufin kasuwa kamar masu jiran rabo. Yau fa? Wace shekara suka fara raguwa? Su nawa ne a da? Ba mai amsa a cikinmu, domin ba wanda ya rubuta. Mu kuwa 'yan kasuwa mun san ma'anar wannan. Wanda ba ya rubuta abin da ya shigo shago da abin da ya fita, ranar da zai gane ana ɗibar masa kaya, jarin ya riga ya karye.

A 2015 ne ƙungiyar duniya mai ajiye jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ɓacewa. Kuma mu gaya wa kanmu gaskiya, cikin dalilan har da cinikin kanta da ƙafafunta don haɗa magani da tsibbu, kuma cikin masu safarar wannan kaya akwai 'yan'uwanmu fatake. A Indiya an ga ƙarshen irin wannan. A shekarun 1990 ungulayensu suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, saboda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac da suke ci a jikin mushe. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. Su dai sun kai ga gano dalili ne domin akwai masu ƙirga. Mu ko gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasar Nijeriya, yanzu a gidan mai kuɗi yaro zai fi saurin ganinsa fiye da fadama.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu a Suratun Namli yadda Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bincika tsuntsaye har ya lura alhudahuda ba ya nan. Mun haddace, amma sai da yaron nan ya tambaye mu batun ungulu muka tsaya muka yi tunani a kai.

To, mene ne wannan aiki da yake yi? Sunansa aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, an fara shi a ƙarshen 2015, an kuma ɗauko tsarin ne daga Afirka ta Kudu, inda suka soma irinsa a 2007. An ɗauki taswirar ƙasar nan an tsaga ta gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye, 9 a kwance. Gidajen sun haura 11,000. Nan inda muke zaune muna cikin gida guda, Gubi tana cikin wani. Mai sa-kai zai shiga gida ɗaya da wayarsa, da wata manhaja mai suna BirdLasser, ya yi aƙalla awa 2 yana zagawa, ya leƙa bakin ruwa, ya leƙa gonaki da duwatsu da cikin unguwa, duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa ya shigar, bi da bi. Hankaka, shirwa, kurciya, hasbiya, balbela, cilakowa, zalɓe, har ɗan tsuntsun da ke tsince-tsince a tsakar gida. Yana da kwana 5 ya kammala wannan takarda kafin ya buɗe sabuwa. Wayar da kanta take riƙe wurin da ranar. In ya shigar da tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, sai masu tantancewa su nemi hujja, hoto ko cikakken bayani, kamar dai yadda ba ma karɓar lissafin yaron shago sai mun ga kaya.

Nan ne inda muka daɗe ba mu gane ba, don haka ku ba mu aron hankalinku. Takardar mutum ɗaya ba ta da wani nauyi. Amma a ce a gida ɗaya an tara takarda 100, ungulu ta fito a 60, bayan shekara goma aka sake tara 100 ta fito a 10, ai kun ga magana ta fito, ba sauran "a ganina". Wannan misali ne muka ba ku, ba ƙidaya ba. Haka za a san makon da shamuwa ke isowa kowace shekara gabanin damina, da lokacin da take komawa kudancin Afirka, a kwatanta da saukar ruwa. Haka za a bi sawun jan-baki mai cinye wa manoma gero da shinkafa. Haka za a ga abin da saran itace ke yi wa dajin Lame-Burra, ko janyewar ruwa ke yi wa tafkin Maladumba na ƙasar Misau. Tsuntsaye da yawa ma 'yan ci-rani ne irinmu, daga Turai suke tsallako hamada su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, su koma.

Wa zai zauna ya tace waɗannan dubban takardu ya fitar da ma'ana? Wannan shi ne sana'ar. Mai sa-kai ba a biyansa, amma wanda ya iya juya abin da masu sa-kai suka tara, da lissafi da kwamfuta, shi ne ake ɗauka aiki.

Makarantar wannan fanni ba nisa take da mu ba. A ƙauyen Laminga, gefen dajin Amurum, kimanin kilomita 15 daga Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI a taƙaice, ƙarƙashin Jami'ar Jos. An ƙulla yarjejeniyar kafa ta a 2001, kuma tun 2002 take horar da ɗalibai a digiri na biyu kan ilmin kare halittu, daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, da tallafin karatu. Ita ce ke riƙe da aikin taswirar nan. A duwatsun wannan yanki akwai wani ɗan jan tsuntsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban da ba a taɓa rubutawa ba. Watau har jiya-jiya akwai abin da ba a gano ba a maƙwabtanmu.

Daga cikin waɗanda suka bi ta wannan cibiya akwai Dokta Talatu Tende, wadda ta yi digiri na uku a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, bincikenta kuwa har da zakunan dajin Yankari namu na nan Bauchi, daga baya ta jagoranci aikin taswirar. Iyaye mata, ku lura, mace ce. Sannan akwai ayarin matasan Arewa masu sa-kai da suka riƙa bin gari-gari suna cike gidajen da ba a taɓa shiga ba, kuma a 2022 Abubakar Ringim na Jami'ar Tarayya ta Dutse da abokan aikinsa suka buga bayanin wannan aiki a mujallar Ostrich, wadda masana tsuntsayen Afirka ke karantawa. Sunaye irin namu, a inda da sai sunayen Turawa.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Yaro ya riƙe darussan kimiyya a sakandare, musamman ilmin halittu da lissafi da Turanci. Lissafin nan kada a raina shi, domin rabin aikin shi ne. Ya shiga jami'a, ga Abubakar Tafawa Ɓalewa nan a gida, ga ta jiha a Gaɗau, ya karanta ilmin halittu ko na dabbobi ko na gandun daji, ya fito da sakamako mai kyau. Tun yana ɗalibi ya fara fita ƙirga, saboda ranar neman gurbi wanda ya zo da takardun da ya cike da ƙafarsa, ya san tsuntsu da kukansa, ba ɗaya yake da wanda ya zo da kwali kaɗai ba. Bayan digiri na biyu wasu kan koyar a jami'o'i, wasu su ci gaba zuwa na uku a nan ko a Birtaniya ko Afirka ta Kudu, wasu su shiga hukumar gandun daji ta ƙasa ko gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya. Filayen jirgin sama na neman wanda ya san halin tsuntsu don kada ya faɗa injin jirgi. Manyan ayyuka irin su hanya da madatsar ruwa, doka ta ce sai an auna illarsu ga muhalli kafin a fara, nan ma ana neman su. Ga Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, da tsuntsaye iri fiye da 350, baƙi na zuwa suna neman ɗan jagora wanda ya san sunayensu.

Ba za mu yi muku daɗin baki ba, mu ba dillalai muka zo yau ba. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Albashin malamin jami'a kun san shi. Aikin da ya dogara ga tallafin waje, yau akwai gobe babu. Wanda ke son ya gina bene cikin shekara uku, ya zo mu ba shi rumfa. Kuma akwai hatsari. Yaron namu an taɓa tsare shi a wani ƙauye yini guda, 'yan banga sun gan shi da madubi da waya yana leƙen bishiyoyi suka ce ɗan leƙen asiri ne, sai da muka tashi da kanmu muka je. Ba mu ga laifinsu sosai ba, zamanin ne ya zo da haka. Tun daga nan muka kafa masa sharaɗi: ba fita shi kaɗai, duk garin da aka shiga a fara gaida mai unguwa ko sarkin gari a faɗi abin da ya kawo mutum, inda aka ce ba lafiya kuwa a haƙura da tsuntsun.

Yanzu dai ya nemi gurbin karatu, muna jiran abin da Allah zai yi. Ko ya samu ko bai samu ba, mun sakar masa ranar Asabar.

Abin da muke roƙo a wurin ƙungiya guda biyu ne. Na farko, cikin asusun tallafin ilmi a duba yiwuwar sayen madubin hangen nesa ko da biyu ne, da littafin gane tsuntsaye guda, a ajiye wurin sakatare, ɗalibai su riƙa ara suna sa hannu. Madubin nan shi ne abin da ya fi ƙarfin yawancin yara, waya kam kowa na da ita. Na biyun ya fi shafar dattawa. Yaran nan sun san sunan tsuntsu da Turanci da Latin, amma ka ce musu carki, ko suda, ko yautai, ko kirinjijiya, sai su tsaya suna kallonka. Cikinku akwai tsofaffin mafarauta da makiyaya da manoma waɗanda suka san inda burtu ke kiwo a da, suka san bishiyoyin da shamuwa ke sheƙa a unguwar nan kafin a sare su. In yaran sun zo da littafi da biro, don Allah kada a kore su, a zaunar da su a faɗa musu suna da wuri da kimanin shekara.

Shugaba, mun ga kana duban agogo. Mai son ganin yadda manhajar ke aiki ya tsaya bayan addu'a, yaron yana bakin ƙofa da wayarsa.