Tsere Bisa Ƙa'ida: Jawabi a Bikin Ƙaddamar da Ƙungiyar Wasanni ta Matasan Ikilisiya a Kende

        

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba mu rai da lafiya, ya kawo kowa nan lafiya. Ina kuma gode wa kwamitin da ya ɗora mini nauyin yin magana a wannan rana. Waɗanda suka share fili, da waɗanda suka kafa turakun raga, da iyaye mata da suka kwana a bakin murhu saboda baƙi, Allah ya saka muku da alheri.

Na san akwai dattawan da har yanzu zuciyarsu ba ta kwanta da wannan shiri ba. Tambayarsu ita ce, mene ne haɗin majami'a da ƙwallo? Tambaya ce ta mutanen da ke tsoron kada wasa ya janye yara daga sujada da gona da karatu, kuma ta cancanci amsa.

Amsa ta farko tana cikin tarihi. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da yaranmu ke cika gidajen kallo dominsu, a harabar majami'a aka haife su. Aston Villa ta fito ne a 1874 daga hannun matasan wata majami'ar Metodis a Birmingham. Everton ta soma a 1878 a matsayin ƙungiyar yaran majami'ar St Domingo a Liverpool. Manchester City asalinta ƙungiyar majami'ar St Mark ce, wadda aka kafa a 1880 a wata unguwar ma'aikata. Celtic ta birnin Glasgow kuwa, wani malamin ɗarikar Katolika, Brother Walfrid, shi ya kafa ta a 1887 don a riƙa tara kuɗin ciyar da 'ya'yan matalauta. Ƙwallon kwando ma haka. James Naismith, wanda ya yi karatun tauhidi a Kanada, shi ya ƙirƙiro shi a watan Disamba na 1891 a makarantar horarwa ta ƙungiyar matasa Kirista, wato YMCA, a garin Springfield na Amurka. Ya rataye kwandunan 'ya'yan itace guda biyu, ya rubuta dokoki 13, don ɗalibai su sami abin yi a lokacin sanyi. Bayan shekara huɗu, a 1895, William Morgan ya fito da ƙwallon raga a wani reshe na wannan ƙungiya. Waɗannan mutane sun lura cewa saurayin da jikinsa ke cike da ƙarfi, in ba a ba shi wurin da zai juye ƙarfin ba, zai nemo wa kansa, kuma ba lallai ya nemo wuri mai kyau ba.

Amsa ta biyu tana cikin Littafi Mai Tsarki. Manzo Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da rabi, yana ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu. Kusa da wannan birni a wancan zamani ake yin wata babbar gasar Girkawa duk bayan shekara biyu, inda ake tsere da kokawa da dambe, wanda ya ci a ɗora masa rawanin ganye a ka. Da Bulus ya zo rubuta wa Korantiyawa wasiƙarsa ta fari, a sura ta 9 sai ya ɗauko musu misali daga abin da suka saba gani: mai tsere da ke hana kansa abubuwa da yawa saboda ladan da zai bushe cikin 'yan kwanaki. Ya ce musu mai bi ya fi shi dalilin kame kai, tunda abin da yake nema ba ya lalacewa. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 4, bai raina horon jiki ba, ya yarda yana da nasa amfani, sai dai ya ajiye shi a ƙarƙashin tsoron Allah. A ta biyu kuwa, sura ta 2, ya tuna masa cewa ɗan wasan da ya karya ƙa'ida ba shi da rabo a lada. A kan wannan magana ta ƙa'ida nake so in tsaya da ku yau, 'ya'yana.

Za ku riƙa durƙusawa ku yi addu'a kafin a busa usur, kuma hakan daidai ne. Amma ku sani, a ɗaya gefen filin ma akwai masu addu'a, kuma Allahn da ya halicce ku shi ya halicce su. Ba a taɓa yi wa mai bi alkawarin kofi ba. Wanda ya kwana yana hira, ya tsallake atisaye, sannan ya zo ranar wasa yana ɗaga hannu sama, ya mai da addu'a laya ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bangaskiyarku za ta fara bayyana ne da asuba, lokacin da mai horarwa ya kira gudu babu ɗan kallo ko ɗaya.

Mu mutanen Kabi ba baƙin gwada ƙarfi ba ne. Muna da kokawa bayan kaka, muna da dambe, muna da tseren kwale-kwale da iyo a bikin kamun kifi na Argungu. Yaron da ya tashi yana tuƙa jirgi a gulbi, ko yana sunkuye a fadamar shinkafa daga safe zuwa azahar, ba ya bukatar a koya masa juriya. Abin da yake bukata shi ne tsari: lokacin atisaye da sassafe ko da la'asar sakaliya, musamman a bazara da zafi ke wuce digiri 40, shan ruwa isasshe, barci, da haƙurin jinyar rauni har ya warke. Jikin nan amana ce aka ba ku, kuma za a tambaye ku yadda kuka riƙe ta.

Akwai ƙofofi uku da rashin gaskiya ke shigowa wasa ta cikinsu, kuma dukansu mun san su.

Ta farko ita ce rage shekaru da ɗauko sojan haya. Ƙasarmu ta sha kunya a kan wannan. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma karɓe damar da aka ba mu ta ɗaukar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Abin da ya kai ga haka daga ƙananan filaye irin wannan yake farawa, ranar da aka sa ƙato mai gemu cikin 'yan shekara 15, manya suna gani suka yi shiru. Duk shugaban matasan da ya sa hannu a takardar ƙarya don ƙungiyar majami'a ta ci kofi, ya koya wa yara darasin da wa'azin shekara guda ba zai goge ba.

Ta biyu ita ce ƙwaya. A wasannin Olamfik na Sydney a 2000, 'yan Nijeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin 'yan Amurkan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka karɓe lambarsu. Sai a 2012 aka tabbatar wa Nijeriya lambar zinariya, alhali Sunday Bada ya riga ya rasu a watan Disamba na 2011. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ta yi halinta, amma ku dubi abin da maguɗin mutum ɗaya ya hana wani bawan Allah gani da idonsa. Mu a nan babu ɗakin gwajin jini. Taramol da makamantanta kuwa ba sai an yi doguwar tafiya ake samunsu ba, kun fi ni sani. Wanda ya haɗiyi ƙwaya don kada ya ji gajiya ya cuci abokin karawarsa, ya kuma ci bashin da ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa za su biya.

Ta uku ita ce asiri: binne abu a bakin raga, ɗaura wani abu cikin safa, kwana a wurin boka a daren wasa. Taribo West, wanda ya buga wa Auxerre da Inter Milan da AC Milan, yana kuma cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, ya faɗa da bakinsa cewa ya kashe kuɗi masu yawa a kan irin waɗannan abubuwa lokacin da yake wasa. Daga baya ya watsar da su, ya zama fasto. Mutumin da ya je ƙarshen hanyar ya dawo ya ce babu komai a can, ya hutar da ku tafiya. Haka kuma cacar ƙwallo da ake yi a waya. Ɗan wasan da ya zuba kuɗi a kan sakamako, zuciyarsa ta rabu biyu tun kafin ya shiga fili.

Sai batun ranar Lahadi, wanda na san zai taso. A wasannin Olamfik na birnin Paris a 1924, Eric Liddell ɗan Sikotilan ya janye daga tseren mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, saboda an sa zagayen farko ranar Lahadi. Tun watanni kafin gasar ya san da haka, sai ya koma yana atisayen mita 400, kuma ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6. Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin. A shekarar da ta biyo ya bar ɗaukakar ya koma ƙasar Sin, inda aka haife shi, yana koyarwa yana aikin bishara. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien, can ya rasu a watan Fabrairu na 1945. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labarin cewa da farko ya ƙi shirya wa yaran sansanin wasa ranar Lahadi, amma da suka yi wasan su kaɗai ya ƙare da faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci. Ya ƙi taɓa ranar don neman lambar kansa, ya taɓa ta don ya raba yara da rigima. Saboda haka shawarata ga shugabanninku ita ce kada a sa wasa a lokacin sujada, kada kuma ɗan wasa ya zama baƙo a majami'arsa.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a raina. A wannan yanki namu Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Kyangawa da Busawa suna cin kasuwa ɗaya, suna shan ruwan gulbi ɗaya. Yawancin waɗanda za su zo kallonku, da waɗanda za ku kara da su, ba za su taɓa jin wa'azin fastonku ba. Abin da za su gani shi ne yadda kuka yi da alƙalin wasa ya hana ku fenareti, da abin da ya fito daga bakinku da aka yi muku ƙeta, da ko kun miƙa hannu ga wanda ya faɗi. A ƙungiyar ƙasa ta Super Eagles, Musulmi da Kirista riga ɗaya suke sawa, kuma in ƙwallo ta shiga raga ba wanda ke tambayar addinin ƙafar da ta buga. Ku buɗe ƙofar wannan fili ga kowane yaron gari. In kun gayyaci ƙungiyar maƙwabta, ku kiyaye lokacin sallar Juma'a da na azumi kamar yadda kuke so a kiyaye muku Lahadi. Ranar da aka ci ku, ku je ku gaisa da waɗanda suka ci, sannan ku dawo atisaye washegari.

Iyaye, ina roƙonku ku bar 'yan mata su shiga. Mace ce, Chioma Ajunwa, ta ciyo wa Nijeriya zinariya a dogon tsalle a Atlanta a 1996 da tsallen mita 7.12. Mace ce kuma, Tobi Amusan, ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022 da daƙiƙa 12.12. A samar musu lokacinsu da suturar da ta dace da mutuncinsu, iyaye mata na zumuntar ikilisiya su riƙa sa ido. Ku kuma yi hattara da dillalan da ke zuwa da alkawarin kai yaro Turai in an sayar da gona ko sa. Cikin dubban masu buga ƙwallo, 'yan ƙalilan ne ke cin abinci da ita. Don haka wasa ba zai zama dalilin barin makaranta ko gudun aikin gona ba, kuma ina ba da shawara a mai da wannan sharaɗin zama ɗan ƙungiya.

Masu horarwa, yaran mutane aka damƙa muku. Kada ku zage su, kada ku fifita ɗan wani a kan ɗan wani, kada kuma a tara kuɗin riga da ƙwallo ba tare da an rubuta an karanta wa kowa ba. Iyayen ƙasa da shugabannin ƙaramar hukumar Bagudo, muna roƙon ku taimaka a kare filayen wasa na makarantu da na unguwanni daga masu yanka su filoti-filoti, domin amfaninsu na yaran kowa ne.

Da wannan, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, da izinin iyayen ƙasa da shugabannin ikilisiya, nake ƙaddamar da wannan ƙungiya ta wasanni domin ɗaukakar Allah da amfanin matasan Kende da kewaye. 'Ya'yana, ku yi atisaye da gaske, ku faɗi shekarunku na gaskiya, ku nisanci ƙwaya da asiri da caca, ku girmama alƙali da abokin karawa. Allah ya tsare ku daga rauni, ya zaunar da Jihar Kebbi da Nijeriya da maƙwabciyarmu Benin lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.