Ina Za a Zuba Ruwan? Dokar Muhalli da Masu Wankin Tafi-da-Gidanka

 

An nemi in yi magana a kan yadda dokokin gurɓataccen ruwa suke shafar ƙananan masu sana'ar wanki da ke yawo da kayan aikinsu. Duk kun san su. Su ne matasan da ake kira a waya, su iso a adaidaita sahu ko a-kori-kura, ɗauke da janareto da injin feshin ruwa da jarkoki. Yau suna wanke motoci a harabar wata ma'aikata, gobe kafet da kujerun gidan da za a kawo amarya, jibi tayil ɗin sabon gini ko dandamalin gidan mai. Sana'ar ta yaɗu a Kano da Kaduna da Abuja saboda ba ta buƙatar hayar shago. Jarinta inji ne da lambar waya.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Ruwan da suke zubarwa yana cutarwa, kuma hukuma tana da hujjar sa ido a kansa. Amma dokar da ta ce wa mutum kada ya zuba, ba tare da an tanadar masa inda zai zuba ba, ba za ta tsaftace ko rafi ɗaya ba. Abin da za ta haifar shi ne kame, da ƙwace inji, da na goro.

Mu fara da ruwan kansa. Ku tsaya kusa da mai wankin injin mota ku kalli aikinsa. Zai buɗe bonet, ya yayyafa man gas ko kananzir don maiƙo ya saki, ya bi da ruwan omo mai kauri, ya goga da burushi, sannan ya tayar da injin feshi. Abin da ke gangarowa ƙarƙashin motar ruwa ne baƙi mai kumfa, samansa yana walƙiya launi-launi. A cikinsa akwai baƙin mai, da ƙurar birki mai ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da tagulla, da sinadarin omo, da yashi. Mai wankin tayil shi kuma asid yake zubawa don ya cinye busasshen siminti. Mai wankin banɗaki da kicin yana aiki da bilic da soda, ga kuma kitsen girki da yake kankarewa, wanda da ya huce sai ya daskare ya toshe magudana. Injin feshi mai amfani da fetur yakan fitar da lita 10 zuwa 15 a minti. Aikin awa guda ke nan lita 600 zuwa 900, wato jarka 24 zuwa 36 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa baƙin man juye ɗaya na mota zai iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwa mai kyau.

To ina ruwan yake zuwa? A Kano amsar ba ta da wuya. Daga harabar gida ya faɗa kwata, daga kwata ya shiga lambatu, daga nan wani ya kwanta a kududdufin unguwa, wani ya bi Jakara. Jakara ta kwashi na cikin birni da Fagge da Sabon Gari, ta haɗu da Getsi da ke ɗauko na masana'antun Bompai, su zarce madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A kan hanya masu lambu suna sa injin ban-ruwa suna shayar da latas da alayyafo da karas, kayan da washegari za su shigo kasuwa. Wanda aka wanke wa mota da safe yana iya cin salak ɗin da ruwan motarsa ya shayar bayan 'yan makonni. Mu da muka taso a kan cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɓata ruwan da ba ya gudana, ba ma buƙatar wani ya zo daga waje ya fahimtar da mu cewa wannan ba daidai ba ne.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da aka yi wannan muhawara tsakanin hukuma da ƙananan masu wanki ita ce Amurka, kuma akwai darasi a yadda abin ya kasance a can. A 1969 kogin Cuyahoga da ke birnin Cleveland ya kama da wuta saboda yawan mai da shara da ke samansa. A 1970 aka kafa hukumar kare muhalli ta EPA, a 1972 aka yi Dokar Tsaftar Ruwa, wadda ta haramta sakin gurɓataccen ruwa cikin koguna sai da izini. Da farko masana'antu da matatun birane aka sa a gaba. Daga baya aka lura cewa magudanun ruwan sama su ma suna kai ƙazanta mai yawa cikin koguna, sai aka yi wa dokar gyara a 1987. Daga 1990 aka wajabta wa manyan birane, masu mutane 100,000 zuwa sama, su hana duk wani abin da ba ruwan sama ba shiga waɗannan magudanu, a 1999 aka faɗaɗa zuwa ƙananan garuruwa. Ta wannan ƙofa ce doka ta iso kan mai wankin tafi-da-gidanka. Ba don shi aka rubuta ta ba, amma shi ne ake gani a bakin titi, tiyo a hannu, kumfa na gangarawa.

Yau a birane da yawa na can, kafin mai wanki ya tayar da inji sai ya share wurin a bushe, ya rufe bakin magudana da tabarmar roba, ya kewaye wurin da buhunan yashi ko wani abin tare ruwa, ya tsotse ruwan da famfo zuwa tanki, sannan ya zuba shi a bututun da ke kai ƙazanta matata, da izinin masu matatar. Tarar da dokar tarayya ta tanada ta haura dala 60,000 a kowace rana, kodayake abin da birane ke ci a aikace bai kai haka ba. Masu sana'ar sun yi ta kukan cewa kayan tsotsa da tanki da tirela suna cin kuɗin da ya fi na injin wankin kansa, kuma wanda ya bi doka farashinsa yana tashi, wanda ke aiki da dare yana zubawa a kwata ya ƙwace masa ciniki. Kukan nasu gaskiya ne. Sai dai ku lura da abin da ya sa dokar take yiwuwa a can: a ƙarƙashin yawancin titunansu bututu biyu ne, ɗaya na ruwan sama mai zuwa kogi kai tsaye, ɗaya na ƙazanta mai zuwa matata. Duk abin da doka ke ce wa mai wanki shi ne kada ya zuba a wannan, ya zuba a wancan.

Mu dawo gida. Dokarmu ta muhalli ita ma daga masifa ta samo asali. A 1988 aka gano gangunan guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel. A shekarar gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, a 1991 ta fitar da ƙa'idojin iyakance abin da masana'anta za ta iya sakewa. A 2007 NESREA ta gaje ta, ta fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara a 2009, da na kare ingancin ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa a 2011. A takarda babu abin kushewa. Akwai ma'auni har na mai da maiƙo, miligiram 10 a kowace lita. Amma duk wanda ya karanta su zai ga da masana'anta ake magana: mai fili, mai injiniya, mai bututu ɗaya da jami'i zai zo ya ɗebi ruwansa ya kai ɗakin gwaji. Yaron da ke wanke kafet yau a Hotoro, gobe a Rijiyar Zaki, ba shi da bututu, ba shi da fili, bai taɓa jin miligiram ba.

Babbar matsalar ita ce bututu na biyu babu shi. In ka cire wasu unguwannin tsakiyar Abuja da ke haɗe da matatar Wupa, kusan duk biranenmu na Arewa da kwata da masai da sokawe suke rayuwa. In dubagari ya tare mai wanki ya ce kada ya zuba a kwata, sai yaron ya ce, "To ranka ya daɗe, ina zan kai shi?" jami'in ba shi da amsa. Ba laifinsa ba ne. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kwashe shara da ƙazanta, kuma kun fi ni sanin halin da aljihunsu ke ciki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ke biyo baya mun saba gani. Doka da ba za a iya bi ba takan koma hanyar karɓar kuɗi. Ana ƙwace injin, a kai ofis, a yi ciniki, a sake shi, ruwan kuma ya ci gaba da bin hanyar da ya saba. Kuma tarar ba ta zaɓar mafi ɓarna, tana zaɓar mafi sauƙin kamu. Shekaru nawa ake magana a kan ruwan majemu na Challawa da Sharada, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam? Abin da majema guda ke zubarwa ya fi na mai wankin mota nesa ba kusa ba. Idan yaro ya ga an ɗauke masa janareto, alhali ja da baƙin ruwan masana'anta na kwarara a rafin Salanta, ba zai ɗauki dokar muhalli da daraja ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. A tuna kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ribar wannan sana'a ta ƙanƙance, domin inji da abin hawa duka mai suke sha. Wanda ke lissafin kuɗin lita biyar kafin ya fita aiki, ba shi ne zai sayi tirelar tsotsar ruwa ba.

Wannan ba ya nufin a ƙyale su. Akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi, kuma su ya kamata doka ta fara nema. Sharewa a bushe kafin a jiƙa wuri. Barbaɗa yashi ko garin katako a kan man da ya zube, a kwashe shi kafin ruwa ya taɓa shi. Kashe kaifin asid da farar ƙasa ko toka kafin a ɗauraye. Wankin jikin mota da ruwa da ɗan sabulu kuwa, in a kan ƙasa ko ciyawa aka yi shi nesa da rijiya, ɓarnarsa kaɗan ce, bai kamata a haɗa shi a hukunci ɗaya da wankin inji ba. Wankin inji da ƙarƙashin mota shi ne ya kamata a hana yi a titi da cikin gidaje ɗungurum, a ce sai a wurin da ke da ramin tace mai.

Wannan rami ba wani abin mamaki ba ne, duk birkilan kirki zai gina shi. Rami ne na bulo da siminti mai ɗaki uku. Ruwa ya shiga na farko, yashi da laka su kwanta. Ya tsallaka na biyu, mai ya taso sama tunda ya fi ruwa sauƙi. Bututun da ke kai wa na uku a nutse bakinsa yake, ƙasa da inda man ke yawo, don haka ruwa ya wuce, mai ya tsaya. Duk mako a kwashe man a zuba a durom, kuma baƙin mai yana da masu saye. Ba ya cire omo, ba ya mayar da ruwan abin sha, amma yana tare mafi munin abin da ke ciki. Rauninsa ɗaya ne kawai: in ba a kwashewa, ya cika, ya zama kamar babu shi. Nan ne aikin dubagari na gaskiya yake, ya ɗaga murfi ya leƙa.

Sai tambayar wanda zai biya. A ganina nauyin farko na mai wurin ne. Gidan mai, otal, banki, kamfanin sufuri, babban kanti, duk wanda ke kiran masu wanki a kai a kai, shi ke da fili, shi ke da adireshi, shi ke sabunta lasisi kowace shekara. A sa ramin tace mai cikin sharuɗɗan lasisinsa, kuma in ruwan ya fita daga harabarsa ya shiga kwata, shi za a rubuta wa takarda. Da zarar an yi haka, shi da kansa zai riƙa tambayar mai wanki yadda zai yi da ruwan, kuma kuɗin zai shiga cikin ciniki. Su kuma masu sana'ar, ina ba su shawara su yi ƙungiya mai rajista tun kafin a rubuta musu ƙa'ida ba sa wurin. Ƙungiya za ta iya neman fili a kusa da tashar mota ko kasuwa, a gina ramin haɗaka, kowane ɗan ƙungiya ya kawo durom ɗinsa ya juye a biya kuɗi kaɗan. Rajista kuma ta zama guda ɗaya, mai araha, da horon wuni ɗaya da Hausa, ba jiha ta karɓa, ƙaramar hukuma ta karɓa, wata hukumar ta sake tarewa a hanya ba.

Roƙona ga wakilan ma'aikatar muhalli da na ƙananan hukumomi da ke zaune a nan shi ne, kafin kotun tafi-da-gidanka ta ci tarar mai wanki ko ɗaya, a fara gina wuraren juye ruwan, ko da guda ɗaya ne a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, a sanar da su a rediyo, a ba da wa'adi. Bayan haka duk wanda aka kama yana sakin baƙin mai a kwata, a hukunta shi, babba ne ko yaro.