Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Koyon Shirya Fim

 

Mai girma wakilin Gwamna, ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba Sarki, mai girma Kwamishina da 'yan rakiyarsa, shugaban wannan makaranta da mataimakansa, shugabannin sassa, malamai, dattawan masana'antar fim da na hango a sahun gaba, 'yan jarida, iyayen yara, sai ku ɗalibai masu wannan rana. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa, takardar da aka ba ni ce ta tsaya a nan.

Muna godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Makaranta ta yi abin a yaba. An yaye masu ba da umarni, an yaye masu riƙe kyamara, da marubutan labari, da masu tace hoto, da masu kwalliya, kuma gajerun finafinan da aka haska mana ɗazu ba su ba kowa kunya ba. Malamai, Allah Ya saka da alheri. Iyaye, kun ga inda kuɗinku ya tafi.

Sai dai na lura da wani abu. Da aka kira daraktoci sai da zauren nan ya girgiza da tafi. Da aka kira 'yan sashen sauti da kiɗa, tafin ya yi sanyi, har na ga wasu sun koma danna waya. A nan zan tsaya, kuma zan daɗe.

Mu da muka taso muna cika Plaza da Orion da Marhaba a Kano don kallon Indiya, bari in ɗauko misali daga can. A 1992 darakta Mani Ratnam na birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, ya zo yin fim ɗin Roja. Kafin nan da Ilaiyaraaja yake aiki, gogan makaɗan finafinan Tamil. Amma sai ya ɗauko wani matashi ɗan shekara 25 da ke yi wa tallace-tallace kiɗa a ƙaramin situdiyonsa na gida, wato A. R. Rahman. Da wannan fim na farko yaron ya ci lambar yabo ta ƙasar Indiya ta fannin kiɗan fim. Daga nan ba su rabu ba: Bombay a 1995, Dil Se a 1998, Guru a 2007, har zuwa Ponniyin Selvan kashi biyu a 2022 da 2023. Fiye da shekara 30 ke nan.

Kada ku zaci kullum riba suke kwasa. Dil Se, wanda kuka sani saboda jarumi Sharukan yana rawa a kan jirgin ƙasa, bai yi kasuwa a gida Indiya ba, kiɗansa ne ya zagaye duniya. Raavan na 2010 ma ya sha ƙasa. Darakta bai ce makaɗi ne ya jawo masa ba, bai je neman wani ba. Shi kuma Rahman, da ya ɗauko kyautar Oska biyu a 2009 da Slumdog Millionaire, fim ɗin wani darakta ɗan Ingila, bai dawo yana ɗaga wa tsohon ubangidansa kai ba. Zo mu nan, yaro ya yi waƙa ɗaya ta shiga gari, gobe ka kira shi sai ka ji wai manaja ne zai ɗauka.

A Amurka ma haka darakta Steven Spielberg yake da makaɗi John Williams tun 1974. A fim ɗin Jaws na 1975 kifin roba da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwa, sai aka rage nuna shi, sauti biyu tak da Williams ya jera su suka riƙa sanar da mai kallo cewa dodo ya iso. Na Italiya, darakta Sergio Leone da makaɗi Ennio Morricone, tare suka yi firamare, kuma akwai fim ɗin da aka gama kiɗansa tun kafin ɗauka, ana kunna wa 'yan wasa a lokeshin.

 

To mu yaya muke yi? Furodusa ya je situdiyo ya sayi waƙa uku kamar mai sayen tumatir a Yankaba, a cusa su cikin labarin da bai san da zamansu ba. Kiɗan da ke bin labari kuwa, wanda zai riƙe zuciyar mai kallo lokacin da uwa ke bankwana da ɗanta, sai daren da za a gama editin a tuna da shi, a sauko da na wani daga intanet a liƙa. Shi ya sa za ka ji kiɗa ɗaya a wurin mutuwa a wannan fim, ka ji shi a wurin ɗaurin aure a wancan. Ga kuma rikicin haƙƙin mallaka, tunda yanzu YouTube ce kasuwarmu, kuma ba ta san sani ko sabo ba. Alhali muna da goge, muna da garaya da kalangu da sarewa da algaita, ga masu kaɗa su nan da rai, ba mai gayyatarsu. Mai fiyano ya kwana uku yana aiki, a sallame shi da kuɗin mota, sunansa kuma ya fito a ƙarshe bayan na direba.

Saboda haka ku sababbin daraktoci, kafin ku bar harabar nan yau kowa ya nemi abokinsa a cikin 'yan sashen kiɗa. Ka ba shi labari ya karanta tun yana takarda. Ku rubuta yarjejeniya, a faɗi haƙƙinsa a fili. In fim na farko bai karɓu ba, ku sake na biyu tare.

Ranka ya daɗe wakilin Gwamna, ga saƙo ka kai. An zagaya da ni ɗakin ɗaukar sautin makarantar nan da safe, muna ciki muna jin janareta da hon ɗin Adaidaita. Yaran nan na bukatar ɗaki mai toshe ƙara, da na'urori, da wuta tsayayya. Na ga mai girma Kwamishina yana rubutawa, to jama'a ku zama shaida.

Yanzu 'yan sashen sauti da kiɗa su miƙe tsaye, a biya su tafin da suke bin mu bashi. Madalla.

Allah Ya sa albarka a abin da kuka koya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.